Tarihin Marigayi Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, 1881 zuwa 1953

Wanda ya fita Birnin Kano ta arewa, ya bar filin jirgin sama a gefe, ba zai yi nisa ba zai iske wani tsohon gari mai suna Fanisau, cikin ƙasar Ungogo. A ido ƙauye ne kamar sauran ƙauyukan kewayen Birni, gona na jikin gona, ba saura ba daji, sai gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye cikin gero da dawa. Amma akwai gidan sarki a cikinsa, kuma da sunansa a ke kiran hawan nan na bayan Salla, watau Hawan Fanisau. A wannan gari, da Dawakin Kudu, da kuma Bichi can bisa hanyar Katsina, Abdullahi Bayero ya koyi mulki kafin ya hau gadon Dabo. Yawancin masu ba da labarinsa su kan fara ne daga ruwan famfo da lantarki da babban masallaci. Mu dai daga gona za mu fara, domin kuɗin da aka yi waɗannan ayyuka da su daga gona suka fito, kuma hukuncin da ya fi kowane nauyi a farkon sarautarsa a kan bayin gandu da bayin fada ya faɗa.

An haife shi a 1881, a ƙarshen zamanin kakansa Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Abbas ɗan Abdullahi ɗan Ibrahim Dabo, watau Basulluɓe ne na gidan sarauta. Ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafai a fada, hannun malaman zamaninsa. Yana ɗan shekara 12 basasar Kano ta tashi a 1893, tsakanin Sarki Tukur da 'ya'yan Maje Karofi, waɗanda a ke kira Yusufawa. Mahaifinsa yana cikin Yusufawa, da suka ci nasara kuwa, Aliyu Babba ya zama sarki, Abbas ya zama Wambai. Shekara goma ba ta cika ba sai ga Turawa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Aliyu yana can ya tafi Sakkwato. Wambai Abbas ne ya komo da sauran jama'a Birni, Gwamna Lugard ya naɗa shi sarki a wannan shekara. To, kafin Abdullahi ya wuce shekara 22 ya ga an ci Kano da yaƙi sau biyu, sau ɗaya 'yan'uwa, sau ɗaya baƙi. Wanda ya ga haka da ƙuruciya ba ya rasa sanin cewa sarauta abin aro ce, kuma wannan sani ya bayyana a halinsa har tsufa.

Gandun Sarki

Kafin mu ci gaba ya kamata mu faɗi abin da a ke nufi da gandun sarki, don yaran yanzu sun san sunan a bakin unguwanni kawai. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, shi ya mai da Fanisau ribaɗi, don ya tare Ɗan Tunku da ke damun Kano daga arewa. A can Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya je ya gaishe shi a 1824. Ribaɗi kuwa ba ya tsayawa da mayaƙa kaɗai, sai da masu noma abin da za a ci. Saboda haka aka zuba bayi, aka yanka manyan gonaki. Da tafiya ta yi tafiya sarautar Kano ta mallaki irin waɗannan gandaye da yawa, kamar su Gasgainu da Sawaina da Wasai ta wajen Minjibir, da Ɗorayi da Nassarawa kusa da ganuwa. Attajiran Birni ma, fataken goro da sauransu, suna da nasu gandaye a wannan yanki.

Ga yadda aikin ya ke. Bawan gandu ya kan fita gonar ubangijinsa da safe, ya yi aiki tare da 'yan'uwansa har wajen azahar. In an tashi, sauran yinin nasa ne, sai ya nufi 'yar gayaunarsa, wadda da ita ya ke rufa wa kansa da iyalinsa asiri. Sarkin gandu shi ke tsaye a kansu, shi ke lura da shuka da noma da girbi da rumbuna. Hatsin da aka samu a kan kai Birni a ci da gidan sarki, da dawaki, da baƙi, da malamai. Bisa sarakunan gandu kuma akwai manyan bayin fada, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda a hannunsu lamarin gandaye ya ke. Kun ga ke nan kalmar bawa ta haɗa mutum biyu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Ɗaya yana duƙe da fartanya a Gasgainu, ɗaya yana bisa ingarma a Ƙofar Kudu, hakimai 'ya'yan sarki suna neman alfarma a wurinsa, domin ta bakinsa a ke ganin sarki.

Turawa da suka zo ba su rushe wannan tsari ba. Dokar da Lugard ya yi a 1901 ta hana kamun bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne. Amma wanda ke cikin bauta tun kafin nan, sai ya je gaban alƙali ya fanshi kansa, yawanci da kuɗin da ya tara ta hanyar murgu. Tsoron Gwamnati shi ne kada gandaye su watse dare ɗaya, sarakunan da ta dogara da su su talauce, noma ya faɗi, haraji ya bi shi. Bayin fada kuwa Turawa ba su san inda za su sa su ba. A 1908 Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya ɗauki Ɗan Rimi Allah-bar-Sarki ya ɗora shi bisa muƙamin Waziri ba da son Sarki Abbas ba. Da Temple ya karɓi Lardin a 1909 aka warware wannan naɗi. Abdullahi yana nan yana kallon abin da aka yi wa mahaifinsa a cikin gidansa.

Ciroma A Ƙauye

A dā hakimai a Birni su ke zaune, jakadu ke kai da kawowa tsakaninsu da garuruwansu, waɗanda ke warwatse nan da can. Turawa suka haɗa garuruwa gunduma gunduma, suka ce kowane hakimi ya fita ya zauna cikin talakawansa. Abdullahi, wanda ke riƙe da sarautar Ciroma, aka ba shi ƙasashen kewayen Birni, mazauninsa Dawakin Kudu. A 1914 aka mai da mazaunin Fanisau, daga baya kuma aka ba shi ƙasar Bichi.

Ƙasar da aka danƙa masa ba irin sauran ba ce. Saboda yawan jama'a ba a barin gona ta huta, shekara da shekaru a ke nomanta, abin da ke riƙe da ita shi ne taki, na tumaki da awaki da toka da shara, har da wanda a ke ɗaukowa daga Birni bisa jakuna da rani. Kowace gona da iyakarta, kowace bishiya da mai ita. A irin wannan ƙasa aka fara sabon haraji na awon gona, wanda a ke kira taki shi ma, amma takin ƙafa. Malamin taki ya taka tsawon gona, ya taka faɗinta, ya lissafa, ya rubuta abin da mai ita zai biya. Aka tattara tsofaffin kuɗaɗe iri iri aka mai da su ɗaya, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki da hakimai albashi, rabin abin da aka tara kuma ya tafi ga Gwamnati. A takarda abin ya yi kyau. Amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin haraji ya san takun malami na iya tsawo ko gajarta bisa ga irin tarbar da aka yi masa, kuma awo bai san ko an yi ruwa bana ko ba a yi ba. Babban abin da ya sāke rayuwar manomi shi ne, yanzu ba a karɓar wuri ko dami, sai kuɗin Bature. To, ina zai samo su?

Amsa ta zo bisa dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanya ga 'yan ciniki a 1912. Turawa auduga su ke jira, don masaƙun Ingila. Manomin Kano kuwa ya yi nasa lissafi. Audugarsa masaƙan gida sun fi Bature saye da daraja. Gyaɗa kuwa tana son jigawar arewacin Kano, ana shuka ta tsakanin hatsi, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta ƙi a ci abarsu a gida. Kamfanonin Turawa suka ba fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo jari, su kuma suka baza yaransu ƙauyuka. Kafin a farga tashar Kano ta cika da buhuna. Ba wani Razdan ko hakimi da ya tsara wannan, talaka ne ya zaɓa da kansa. Gandayen sarauta da na attajirai su ma suka shiga, ga kuma bayi da yawa da suka sami kuɗin fansa daga gyaɗar gayaunarsu.

Sai dai murna ba ta daɗe ba. Damunar 1913 ta ƙi, a 1914 aka shiga yunwar nan da a ke kira Kakalaba, wadda ta kashe mutane da yawa, musamman a arewacin Lardi. Wannan ita ce shekarar da Ciroma ya tare a Fanisau. Hakimin da ya nemi haraji a irin wannan shekara, ya ga rumbuna a wofi, ya ga masu ƙaura bisa hanya, ya koyi abin da ba a koyarwa a fada.

A Bichi aka san shi da zama da malamai da tsare amana. Sa'ad da Sarki Abbas ya rasu a 1919 mutane da yawa sun zaci Ciroma ne zai gāje shi, sai sarauta ta tafi ga baffansa, Wambai Usman. Abdullahi ya koma Bichi ya ci gaba da aikinsa shekara 7. Sarki Usman dattijo ne, ga rashin lafiya, saboda haka al'amura suka koma hannun manyan bayin fada fiye da dā, ƙararraki kuma suka yi yawa a ofishin Razdan.

Hawansa Da 'Yanta Bayi

Sarki Usman ya rasu a 1926. Cikin watan Afril na wannan shekara aka zaɓi Ciroma Abdullahi, yana da shekara 45, aka ba shi sanda ran 14 ga Fabrairu 1927. Shi ne sarki na goma tun daga Sulaimanu. Ɗansa Muhammadu Sanusi ya gāji sarautar Ciroma da ƙasar Bichi, ƙannensa Abdulƙadir da Muhammadu Inuwa kuma suka zama Galadima da Turaki.

Abin da ya fara yi shi ne ya 'yanta bayin sarki, ya kuma zāre hannun cucanawa daga mulki. Sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama ba su mutu ba, suna nan a fada, amma haraji da shari'a da naɗin hakimai suka fita daga hannunsu. Aka raba aiki tsakanin 'yan majalisa: Waziri Giɗaɗo ya riƙe sha'anin shari'a, Madaki ya lura da hakimai, Galadima ya riƙe Birni, Ma'aji yana Baitulmali. Waɗansu sun ce Turawa ne suka matsa masa, kuma gaskiya ne sun daɗe suna son haka. Amma mutumin da ya ga abin da ya faru a 1908, ya kuma yi shekara 7 a Bichi yana jin labarin fada, ba ya bukatar a matsa masa ƙwarai. A ganinmu bukatar Bature da tasa sun haɗu ne a hanya.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, shi mai fartanya fa, me ya samu? Ya sami abu babba, kada a raina: ba mai sayar da shi, ba mai gādonsa cikin dūkiya, in ya ga dama ya tashi. Amma 'yanci bai zo masa da gona ba. Gandu na sarauta ne, ya kuwa zauna na sarauta. A ƙasar da kowane taku ke da mai shi ba dajin da zai sāra. Wanda ke da ƙarfin hali ya yi ƙaura zuwa inda ƙasa ke da yalwa. Da yawa kuwa suka zauna inda aka haife su, suna noma gandun nan dai, suna riƙe da gayaunarsu, ga kuma haraji a kansu kamar kowane talaka. Sai a 1936 Gwamnati ta yi dokar da ta kashe bauta ɗungum a Arewa, watau shekara 10 bayan abin da Sarkin Kano ya yi a gidansa. Amma sunan da ke bin mutum wajen neman aure ba doka ke kankare shi ba, wannan ya ɗauki zamani mai tsawo.

Ayyukan Baitulmali

Shekarar da aka ba shi sanda aka yi wata yunwa, wadda a ke kira Mai Buhu. Bayanta fāra ta zo, sa'an nan kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930, kuɗin gyaɗa ya zube, haraji kuwa bai sauko daidai da shi ba. Duk da haka a wannan lokaci ne En'e ta Kano ta yi manyan ayyukan da aka san ta da su. Baitulmalin Kano ya fi na kowace En'e a Arewa ƙarfi, ya kuma tara ajiya mai yawa. Sarki da majalisarsa suka ce da wannan ajiya za a jawo ruwa daga kogin Challawa, a kuma kawo lantarki, ba don unguwar Turawa kaɗai ba, har cikin ganuwa. Ma'aikatar ayyuka ta Gwamnati a Ikko ta yi gardama, En'e ta tsaya a kan bakanta, aka yi aikin. Aka gina Asibitin Birni, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Murtala Muhammad. Aka soma ba manoma rancen shanu da garma.

Yabo ya tabbata a nan, don birnin da ke shan ruwan kududdufi ya sami ruwa mai tsabta. Amma sai mu tuna wanda ya biya. Manomin Bichi da na Minjibir da suka sayar da gyaɗa a arha suka kai kuɗin ga dagaci, matansu da guga suka ci gaba da jan ruwa. Wannan rabo, Birni ya sha ƙauye ya biya, ba Abdullahi Bayero ya ƙirƙiro shi ba, amma a zamaninsa ya kafu sosai.

Wajen ilmi zuciyarsa ta fi karkata ga gyaran shari'a. A 1929 aka buɗe makarantar Shahuci don koyar da alƙalai da muhutai, amininsa Malam Sulaiman ya shugabance ta. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama makarantar koyon Larabci da ta yaye alƙalai da malamai na Arewa duka. A 1934 ɗin nan ya tafi Ingila tare da Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman, suka gana da Sarki George na Biyar. A 1937 ya sauke farali, shi ne Sarkin Kano na farko da ya yi haka yana bisa gado, dalilin da ya sa har yau in an ce Sarki Alhaji shi a ke nufi. A wannan tafiya ya sadu da Shaihu Ibrahim Inyas na Kaulaha, saduwar da ta sāke tarihin Tijjaniyya a Kano. Masallatan da ya gani a Masar kuma su suka sa masa niyyar sabon masallacin Juma'a, wanda aka gama a 1951.

A Majalisar Sarakuna

A zamanin mahaifinsa kowane sarki da Razdansa ya ke magana, ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa sarki bisa wata shawara. Daga 1930 aka soma tara sarakuna a Kaduna su tattauna da Turawa, Sarkin Kano kuwa kujerarsa ta huɗu ce, bayan Sarkin Musulmi da Shehun Barno da Sarkin Gwandu. Taron nan ba ya yin doka, amma nan sarakunan Arewa suka fara ganin kansu abu guda.

Bayan Yaƙin Hitila, tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a Janairu 1947. Aka kafa wa Jihar Arewa majalisa biyu a Kaduna, ta Sarakuna da ta Wakilai. Abdullahi Bayero, da ya ke sarki ne mai daraja ta ɗaya, ya shiga ta Sarakuna ba da zaɓe ba, ɗansa Ciroma Sanusi kuma yana ta Wakilai. Ikon majalisun a lokacin kaɗan ne. A kawo musu ƙiyasin kuɗin Jiha da dokokin da a ke nufin yi, su duba su ba da shawara, su kuma zaɓi waɗanda za su tafi majalisar Ikko. Baturen da ke shugabancin Jiha shi ke zama bisa kujerar shugaba a Majalisar Sarakuna. A wannan zamani ne kuma aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1949, mai yanka farashi tun kafin kaka, tana ajiye rarar abin da ta samu a kasuwar waje. Jirgi ya kāsa kwashe amfanin, dalar gyaɗa ta yi ta tashi a Kano. Watau abin da manomin Bichi zai samu a bakin sikeli ya koma abin da a ke yankewa a ofis, nesa da fadar da ya sani.

Daga nan abubuwa suka yi sauri fiye da tafiyar dattijo. A taron Ibadan na Janairu 1950 Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo suka tsaya a kan sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, aka kuwa ba ta, 68 cikin 136. Cikin Agusta na wannan shekara Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ya nemi a bincika tsarin En'e a gyara shi, abin da ya girgiza fadoji da yawa. A wannan wata dai, ran 8, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta. Kukanta kukan ƙauye ne: aikin tilas, da gaisuwa, da cuwa-cuwar haraji, da kotunan da ke jin tsoron hakimi. Kusan ba wanda ya tuhumi Sarki Alhaji da kansa da cin dūkiyar talaka, don an san shi da tsoron Allah da sauƙin rayuwa. Amma En'e ta yi girman da idon mutum ɗaya ba ya gane ƙarshenta, ga shi kuma ya tsufa, yawancin aiki ya koma hannun Ciroma, wanda tun kafin yaƙi ya ƙare aka shigo da shi majalisar Birni. 'Yan NEPU da yawa sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, kuma da sunan sarki aka yi. Mai rubuta tarihi ba shi da ikon ya ba shi ladan famfo ya kuma ce wannan ba ruwansa.

Zaɓen 1951 ya nuna inda ƙarfi ya ke. Hawa hawa aka yi shi, daga unguwa da ƙauye har zuwa Lardi, a matakin ƙarshe kuma En'e tana da ikon ƙara mutanenta, ɗaya bisa goma na masu zaɓe. NEPU ta yi rinjaye a matakin farko cikin Birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba ta sami kujera ko ɗaya ba cikin 90 na Majalisar Wakilai. Sabon tsarin mulki na Gwamna Macpherson ya ba majalisun Kaduna ikon yin doka, ba shawara kaɗai ba, Majalisar Sarakuna kuma ta zama sai da yardarta doka ke wucewa. Cikin dokokin farko da suka bi ta gabanta, a 1952, har da wadda ta kashe matsayin sarki shi kaɗai a kan En'e, ta mai da shi Sarki cikin Majalisa. Abin lura, a Kano wannan bai zama baƙon abu ba, don tun 1926 Abdullahi Bayero ya raba aikinsa ga 'yan majalisa, a shekarunsa na ƙarshe kuma har attajiri Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ba ɗan sarauta ba ne, ya sami kujera a majalisar.

Shekararsa ta ƙarshe ta zo da baƙin ciki. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo batun mulkin kai a 1956 a majalisar Ikko, wakilan Arewa suka ƙi sa rana, aka yi musu ihu a titi. Da Akintola ya jawo tawagar jam'iyyar Action Group zuwa Kano cikin watan Mayu, faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen Birni da Fagge da na Sabon Gari, daga ran 16 har kwana huɗu. Bisa lissafin Gwamnati mutum 36 suka mutu. Kwanaki kaɗan bayan haka majalisun Arewa biyu suka amince da shawarwari takwas na neman kowace Jiha ta riƙe al'amuranta, abin da ya kai ga taron London da tsarin tarayya na 1954. Wannan tsari bai same shi da rai ba.

Allah ya yi masa rasuwa cikin watan Disamba 1953, yana da shekara 72, bayan ya yi shekara 27 bisa gado. Aka kai shi makwancinsa a gidan Nassarawa, kusa da mahaifinsa. Ciroma Sanusi ya gāje shi har 1963, sa'an nan ƙanensa Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanni, sa'an nan wani ɗan nasa, Alhaji Ado Bayero, ya riƙe daga 1963 zuwa 2014. A 1962 aka sa wa kwalejin Kano sunan Abdullahi Bayero, ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. En'e kuwa, wadda ya yi wa aiki kusan shekara hamsin, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya naɗe tabarmarta, Bichi da Ungogo da Minjibir kowace yanzu ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta. Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan waɗanda suka yi noman gandu, amin.